Mai makarantar ƙawar Umma ce, kuma ina bin ta albashin wata biyu

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina da NCE, ina koyar da 'yan nazare ɗaya a wata makarantar kuɗi a nan Kano, shekarata ta biyu ke nan. Yarana 38 ne, 'yan shekara uku zuwa huɗu, kuma ni kaɗai ce, babu nani. Ni ce koyarwa, ni ce kai banɗaki, ni ce buɗe kwandon abinci. Albashina dubu 25, kuɗin adaidaita kaɗai yana cin dubu 11, ba a biyan dogon hutu, yanzu kuma ina bin wata biyu. Dubu 20 ake biya wa kowane yaro a zango. Mai makarantar ƙawar Ummana ce tun suna 'yan mata, da baki ta ɗauke ni aiki, ba takarda. Duk ranar da na shirya yi mata magana sai ta tare ni da "'yata, a ƙara haƙuri." Umma kuma ta ce kada in ba ta kunya.

Hajiya mai makarantar ta ce dole kafin ƙarshen zango kowane yaro ya iya rubuta 1 zuwa 100, kuma kullum a ba su aikin gida, wai iyaye na cewa makarantar bayan layi ta fi mu. An hana Hausa a aji. Makon jiya na buga wa wani yaro rula a hannu saboda ya kasa rubuta 8, ya saki fitsari a wando, tun ranar ba ya yarda mu haɗa ido. Na kasa barci. Muryata ta dishe. Wanda zan aura ya ce in ajiye, wai ai raino ne ba koyarwa ba. Ina son yaran nan Anti, amma na fara tsoron kaina. In bari ko in ci gaba?

Malamar nazare, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da yaron nan zan fara, don a cikin duk mutanen da kika lissafa shi kaɗai ne ba zai iya rubuto wa kowa wasiƙa ba.

Gobe da safe, kafin ki buɗe rajista, ki durƙusa har fuskarki ta zo daidai tasa, ki kira sunansa, ki ce masa da Hausa: "Na buge ka, ban kyauta ba, ba zan sake ba." Kada ki tsaya jiran ya ce ya yafe, ɗan shekara uku ba da baki yake yafiya ba. Ki ba shi wani ɗan aiki kusa da ke, ya riƙe miki dasta ko ya raba fensir, kwana biyu uku za ki ga ya fara raɓo jikinki. Mahaifiyarsa ma ki gaya mata da bakinki lokacin tashi, a taƙaice, ba tare da dogon kare kai ba. Wataƙila ma ya riga ya faɗa a gida, tana dai kallonki ne ta ga ko za ki ɓoye. Ita kuma rular ki mayar da ita ofis, kada ta sake kwana a ajinki. Ko sallah, wadda ita ce ginshiƙin addini, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa ya yi a umarci yara da ita suna da shekara bakwai, ba a ambaci duka ba sai a shekara goma. To ina ga lamba 8 a hannun ɗan shekara uku?

Ban ɗauke ki muguwa ba. Muguwa barcinta take yi ta more. Amma ba zan ba ki uzuri ba, don ni da ke mun san fushin nan ba na yaron ba ne. Na Hajiya ne, na albashin wata biyu ne, na adaidaitan da kika sauka a rabin hanya kika ƙarasa da ƙafa. Kin kasa ɗaga ido ki kalli wadda ta fi ki, sai ya sauka kan wanda kika fi. Muddin kuma kika ci gaba da haɗiye maganar da ya kamata ki faɗa a ofis, a aji za ta riƙa fitowa. Shi ya sa nake ganin matsalar rula da matsalar albashi abu ɗaya ne, kuma ba za ki warware ɗaya ki bar ɗaya ba.

Ki sani yaron bai yi taurin kai ba. Masu duba girman yara sun daɗe da lura da tsarin da hannu yake bi: a wajen shekara uku yaro yake iya kwaikwayon da'ira, a wajen huɗu ya iya layi biyu da suka gitta juna, daga nan murabba'i, mai kusurwa uku kuwa sai wajen shekara biyar. Yanzu ki dubi 8. Da'ira biyu ce da ake so ya yi a tafiya ɗaya, ya karkata hagu, ya gitta, ya dawo inda ya faro, kuma duk a cikin ɗan akwatin littafin lissafi da bai fi farcen babban yatsanki ba. Ki lura da yadda yawancinsu suke riƙe fensir, da dunƙulen hannu, kafaɗa ce take motsi ba yatsu ba. Wannan riƙon na yatsu uku da muke yi, a hankali yake zuwa, wasu sai sun kai biyar ko shida yake zauna musu. Ba bulalar da take gaggauta shi. Abin da yake kawo shi shi ne murza yumɓu, yaga takarda, zura zare a manyan murafun roba, zane da alli a ƙasa, rubutu da yatsa a cikin tiren yashi. Duk waɗannan ba sa cin ko sisi. Ki dai guji ƙananan abubuwa irin wake da ƙwallon dabino da tsakuwa, don a ajin yara 38 kafin ki juya wani ya tura ɗaya a hanci.

Sannan akwai bambanci tsakanin rera lamba da sanin lamba. Ki gwada gobe. Ki ɗauko yarinyar da ta fi kowa iya rero "wan, tu, tiri" har hamsin, ki zube mata kofuna a gaba ki ce ta miƙo miki huɗu. Sau da yawa za ta kwaso duk abin da hannunta ya iya ɗauka. Wanda ya san cewa huɗu huɗu ce, ko kofi ne ko takalmi, ya taɓa kowanne sau ɗaya yana ƙirgawa ya tsaya inda ya kamata, ya fi mai rubuta ɗari da haddar ido nisa a lissafi, kuma nan gaba a firamare ake ganin bambancin. Tsarin ilimi na ƙasa ma, bugun 2013, cewa ya yi ta hanyar wasa za a koyar da yaran wannan mataki, kuma ya ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a nazare. Ke kina da 38. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce 'yan shekara uku zuwa huɗu suna buƙatar aƙalla awa uku na motsa jiki a yini da barcin awa 10 zuwa 13. Yaron da aka tasa da asuba, aka zaunar a benci har azahar, aka kai Islamiyya da yamma, sannan aka ɗora masa shafi biyu na aikin gida da dare, a ina zai samo waɗannan awoyin?

Aikin gidan ma kowa ya san wanda yake yin sa. Ko yayarsa 'yar aji huɗu ta rubuta, ko uwar ta damƙe hannunsa tana ja yana kuka, washegari ki sa jan biro ki rubuta masa yabo. Iyaye sun sani, kin sani, Hajiya ta sani. Irin su ne bikin yaye 'yan nazare da ake ɗinka musu riga da hula irin ta jami'a, a karɓi kuɗin fati, alhali wanda aka yaye bai iya ɗaura takalminsa ba. Amma kada ki raina iyayen. Mutumin da ya matse bakin aljihu ya biya dubu 20 yana da haƙƙin ganin inda kuɗinsa ya tafi, kuma cikakken littafi shi ne kawai shaidar da aka taɓa nuna masa. Ki nuna masa wata. Maimakon shafin rubutu, ki rubuta a littafin: yau ya ƙirga muku cokula biyar, gobe ya nuna muku abu uku masu launin ja a ɗaki, jibi ya ba ku labarin Gizo da ya ji a aji. Lokacin tashi, in uba ya zo ɗauka, ki ce wa yaron ya miƙo wa Abba murfi shida daga cikin kwali. Uban da ya ga ɗansa ya ƙirga shida ya tsaya cak, ba zai koma gida yana zancen makarantar bayan layi ba.

Hana Hausa kuwa, ki sake duba abin da ya faru. Yaro ya ji zafi, ya tsorata, fitsari ya matse shi, kuma harshen da ya iya cewa "Anti zan yi fitsari" da shi an ce laifi ne. Iyaye Turanci suka zo saya, wannan gaskiya ne, kuma za ki ba su: a waƙa, a gaisuwa, a sunayen abubuwa, a gajerun umarni da ake maimaitawa kullum har su zauna. Amma lallashi, da maganar banɗaki, da ciwo, da bayanin abin da bai gane ba, da Hausa za ki yi. Wannan ba sai kin nemi izini da takarda ba. In Hajiya ta leƙo ta ji, ki ce mata wandon da ake mayarwa gida a jiƙe ya fi ɓata sunan makaranta.

Yanzu ga Hajiya. Ban yarda a ce duk masu makarantun kuɗi azzalumai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, akwai haya, akwai haraji iri iri, akwai iyayen da sai an kori yaro sau uku suke kawo rabin kuɗi, wasu ma su canja makaranta da bashi a kansu. Mai yiwuwa ne da gaske a matse take. Sai dai ki ɗauki biro ki yi lissafin ajinki. Yara 38 sau dubu 20, dubu 760 ke nan a zango. Ki ɗauka kashi ɗaya cikin uku ba su biya ba, har yanzu akwai fiye da dubu 500. Albashinki na wata uku dubu 75 ne. In aka ɗauki nani a kan dubu 15 a wata, dubu 45 ke nan a zango, bai kai kuɗin yara uku ba. Ba na ce ki kai mata wannan lissafi ki dangwara a tebur ba. Don kanki nake so ki yi, saboda ki daina shiga ofis ɗin nan kamar mai roƙon sadaka.

Ga kuma abin da doka ta ce, don ki san inda kike tsaye. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne tun Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun unguwa ta wannan ƙofar suke fita. Ki ƙirga naku, har da maigadi da masu shara. Dokar ƙwadago kuma ta tanadi a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ba kotu nake tura ki ba, kan dubu 50 da ƙawar mahaifiya babu mai hankalin da zai ba ki wannan shawarar. Amma neman takarda ba rashin kunya ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Albashin wata biyu da yake hannunta bashi ne.

Kada ki tare ta a tsakar makaranta, kada kuma ki yi maganar a gaban sauran malamai, don babba in aka ƙure shi a gaban jama'a girmansa yake karewa, ba gaskiya ba. Ki nemi ta ba ki lokaci bayan an tashi. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki gode mata da ta ɗauke ki lokacin da ba ki da ƙwarewa, don gaskiya ne. Sannan ki ce: "Hajiya, abu uku na zo da su. Ina bin wata biyu, ina so a sa mini ranar da za a biya, ko da kashi biyu ne. Ina so a rubuta mini takardar aiki da albashina da matsayin dogon hutu. Kuma ajina ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko a ba ni nani ko a raba shi, don ina tsoron ranar da wani abu zai sami ɗan mutane ina banɗaki da wani." Wannan na ƙarshen shi ne zai fi shiga kunnenta, domin ta san in yaro ya fice ƙofa ko ya faɗi ya fasa kai, sunan makarantarta za a kira. Ki gaya mata maganar rular da kanki a wannan zaman. Za ta ce a ƙara haƙuri. Ki ce, "To Hajiya, zuwa wace rana?" Ki yi shiru. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ki ce ba komai a bar shi. Kada ki ce.

Maganar 1 zuwa 100 kuma kada ki kawo ta a matsayin gardama. Ki ce a ba ki zango ɗaya ki gwada: 1 zuwa 10 a sani na gaske, a gane su a rubuce, a yi su a yashi da alli, sannan a kira iyaye su gani. In kika samu rabin abin da kika nema a nan, kin ci riba.

Umma kuwa, ina jin ba ta san lissafin ba. Iyaye mata sukan ji "tana aiki a wurin Hajiya" su ɗauka an rufa wa 'yarsu asiri. Ki zauna da ita da dare, ki nuna mata a takarda: dubu 25, cire 11 na mota, saura 14, kuma wata biyu ko su ba a gani ba, ga kuma abin da gajiya ta sa kika yi wa ɗan mutane. Kada ki zagi ƙawarta ko da wasa, zumuncin shekara talatin ba zai karye don ke ba, kuma bai kamata ba. Ki ce mata kina so ki yi magana da Hajiya cikin ladabi, kina neman albarkarta. Ban so ki aika Umma ta karɓo miki kuɗin. In ta je, hira za su yi, a tuna zamanin 'yan matanci, a rabu a kan a ƙara haƙuri, ke kuma kin koma 'yar gida maimakon ma'aikaciya.

Shi kuma wanda za ki aura, mai cewa raino ne, ki gayyace shi ya tsaya a bakin taga minti ashirin kawai. Amma ki saurari abin da ke ƙarƙashin maganarsa. In tausayinki yake ji, ya ga kina dawowa ba murya ba kuɗi, to yana da gaskiya a rabi. In kuwa ba ya son ki yi aiki ne gaba ɗaya, wannan magana ce daban, kuma gara a yi ta a fili tun kafin a kawo lefe, a gaban manya, kada ta ɓuya a bayan matsalar Hajiya.

To, ki bari ko ki ci gaba? Koyarwa kada ki bari. Wadda ta lura cewa yaro ya daina haɗa ido da ita, har abin ya hana ta barci, tana da idon da aikin nan yake buƙata, kuma ba kowace mai NCE take da shi ba. Makarantar ce nake shakka. Ki ba ta zuwa ƙarshen wannan zangon. In an biya bashin, an ba ki takarda, an kawo mai taimako, ki ƙarasa shekarar. In ba a yi ko ɗaya ba, ki ba da sanarwar wata guda a rubuce, ki yi sallama da mutunci, ki je har gida ki gaishe ta. Kada ki tafi a tsakiyar zango, yaran ne za su sha wahala, kuma masu makarantu sun san juna, suna da ƙungiyarsu, labarin malamar da ta watsar da aji yana riga ta isa inda za ta nemi aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ki fara shiri. In ba ki yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN ba, ki zauna jarrabawarsu, a kwamfuta ake yi, kuma manyan makarantu da gwamnati suna tambayar wannan shaidar. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da digiri a fannin ilimin ƙananan yara, tana kuma da cibiya a Kano, kina aiki kina karatu. Ki tanadi fayil: tsarin darasinki na mako, kayan wasan da kika haɗa da hannunki, zanen yaro ɗaya a farkon zango da na ƙarshensa. Hotunan fuskokin yara kada ki sa, ba ki da izinin iyayensu. Makarantu kan nemi malamai ne a dogon hutu, kafin komawa a Satumba, kuma duk inda za ki, tambaya uku kafin ki ce to: yara nawa ne a aji, akwai nani, ana biyan hutu? Ki nemi wadda ƙafa za ta iya kai ki, don dubu 30 a unguwarku ta fi dubu 38 a ƙetaren gari.

Muryar kuma ki daina gasa da yara 38, ba za ki ci ba. Ki sa musu alama ɗaya, tafi uku ko 'yar ƙararrawa, wadda in sun ji kowa zai ɗora hannu a ka, ki yi ta maimaitawa har ta zama wasa. Ki ajiye gorar ruwa a teburinki kina kurɓa. In dishewar ta wuce mako uku ba ta sake ki ba, ki je asibiti ki nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kada ki tsaya ga citta da zuma kawai. Allah Ya ba ki mafita, Ya shirya mana yaran. Ki rubuto mini bayan kun zauna da Hajiya, ina son jin ranar da ta sa.